Mai tayil ya ajiye aiki yana neman cikon kuɗinsa, ni kuma aikin bai yi min ba, ya zan yi?

Abu Hanif:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, don wallahi raina a ɓace yake tun ranar Juma'a.

Gidan Hajiyarmu muke gyarawa a Kano, tsohon gini ne mai daɓen siminti, muka ce tunda za a aurar da ƙanwarmu bayan sallah bari a sa tayil a falo da ɗakuna uku da banɗaki biyu kafin baƙi su fara zuwa. Ni a Abuja nake aiki sai ƙarshen wata nake leƙowa, ƙanena ne ke tsaye a kan aikin, shi kuma ɗalibi ne in ya fita da safe sai yamma. Wani abokina ne ya haɗa ni da mai tayil ɗin, shi ya yi masa nasa gidan kuma na gani da idona aiki ya yi kyau. Muka yi jinga da baki a kan dubu 600 kuɗin aiki, kaya nawa ne. Ban rubuta komai ba gaskiya, kunya ma na ji in ce wa dattijo zo mu rubuta, mutumin ya kusa haifata.

Na ba shi dubu 250 kafin alƙalami, bayan sati biyu ya kira yace yaransa na neman kuɗi na ƙara tura masa dubu 150, saura dubu 200 kenan. Ana cikin aiki Hajiya ta ce masa tunda an fara a haɗa da kicin da dakalin ƙofar falo, yace to Hajiya ba damuwa, ni da aka faɗa min a waya na ɗauka duk cikin jingar ne tunda bai ce komai ba.

To ranar Juma'a na shigo gari na duba aiki. Falo in ka taka wasu wuraren sai ka ji ƙara kamar ganga, na ƙirga guda 17 da suke haka. Banɗakin Hajiya kuwa na zuba bokiti ɗaya na ruwa maimakon ya bi magudana sai ya taru a bakin ƙofa yana neman shiga ɗaki, tsohuwa mai ciwon gwiwa fa, in ta zame ya zan yi. Sannan tayil katan 120 na saya a kasuwar Ƙofar Ruwa, daga baya ya sa aka ƙaro 15, ni dai ban ga inda katan 135 suka shige a gidan nan ba. Da na yi masa magana sai ya hau sama, wai ni zan ce masa ɓarawo, wai ma ba dubu 200 yake bi na ba dubu 320 ne saboda kicin da dakali daban ne. Ya kwashe kayan aikinsa ya tafi da makullin sito, jiya kuma ya zo har gida ya tsaya a soro yana ce wa Hajiya Allah ya isa gumin yaransa. Ƙanena yace mu kai shi wajen 'yan sanda kawai, yana da aboki a caji ofis. Ni kuma in na biya shi nasan ba zai dawo ya gyara ba, in na hana shi kuma ina tsoron haƙƙi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa min yadda ya fita.

Barista_Zg:

Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanif abu na farko ka ja wa ƙanenka kunne, maganar 'yan sanda ku bar ta. Wannan rikicin yarjejeniya ne ba laifi ba ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar bashi, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 a sashe na 8. Nasan ana yi, kullum ana yi, a kulle mutum a ce sai ya sa hannu zai biya, amma in ya samu lauya mai zafi zai iya maka ku a babbar kotu kan tauye masa 'yanci, kai da ka kai ƙarar har da kai za a haɗa, sai ka ga a kan dubu 120 ka biya abin da ya ninka ta. Ballantana ma a labarin nan da ka bayar kai ake bi ba kai ke bi ba, to da wace fuska za ka je.

Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, kotu na karɓarta, wahalar kawai tabbatarwa. Don haka tun yau ka tattara abin da kake da shi: alat ɗin kuɗin da ka tura sau biyu, rasit ɗin tayil, duk saƙon WhatsApp da muryar da kuka yi musaya kar ka goge ko ɗaya, dokar shaida ta 2011 ta yarda da irin waɗannan in an cika sharuɗɗanta. Ka ɗauki bidiyon banɗakin ana zuba ruwa, ka ɗauki na falon ana ƙwanƙwasawa. Kuma kar ka bari wani mai tayil ya taɓa aikin tukuna, in aka fasa aka gyara shaidarka ta tafi, zai ce ai lafiya ƙalau ya bar shi.

Sai ka rubuta masa takarda gajeriya, ko da Hausa ce, ka lissafa abin da ka biya da abin da ya rage da gyaran da kake nema, ka ce kuɗinsa na nan a ajiye ranar da aka gyara ranar za a ba shi, ka ba shi sati ɗaya ko biyu. A kai masa gaban shaida. Wannan takardar ita za ta nuna ba cin kuɗinsa kake son yi ba.

In abin ya ƙi, Kano na da kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2019 ƙarƙashin kotunan majistare, lokacin da ta fara iyakarta naira miliyan 5 ne, an tsara ta a gama shari'a cikin kwana 60 kuma ba dole sai da lauya ba. Amma ka lura shi ma ƙofar a buɗe take gare shi, hasali ma ta fi dacewa da shi tunda shi ke neman kuɗi ƙayyadadde, kai sai dai ka shigar da naka kukan na kuɗin gyara a kan nasa. Akwai kuma zauren sasanci na babbar kotun jiha, ga Hisbah ma suna yin sulhu irin wannan. Ni dai da ni ne daga mai unguwa zan fara, kuɗin bai kai a yi ta zaryar kotu ana biki a gida ba.

Usta Mai Gwangwani:

Ni sana'ata kenan shekara 22 ina sa tayil, bari in faɗi namu ɓangaren tunda a nan kullum mu ne ɓarayi.

Alhaji ka ce ba ka ga inda katan 135 suka shige ba, ka auna gidan? Ko da ido ka duba? Tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a katan, katan ɗaya murabba'in mita 1.44 yake rufewa, ka ɗauko tef ka auna kowane ɗaki tsawo sau faɗi ka tara, ka ƙara wanda aka yanka aka zagaye gindin bango da shi don shi ma tayil ne ba daga sama ya faɗo ba, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, tsohon gida ma da bangonsa ba a miƙe yake ba ya fi haka ci. Kai da bakinka ka ce an ƙara kicin da dakali bayan an sayi 120 ɗin farko, to 15 ɗin da aka ƙaro ina kake so su tafi? In ka yi lissafin nan ka ga katan goma sun ɓace sai ka yi magana, amma ka ce wa dattijo ina kayana a gaban yaransa ba ka auna ba, ko ni ne sai na kwashe kayana.

Maganar kicin kuwa wallahi wannan ita ke kashe mu. A yi jinga a kan ɗaki uku, ana cikin aiki uwar gida ta leƙo tace Malam ɗan haɗa min da nan, ɗan gyara min can, kai kuma ba ka iya ce wa babbar mace sai an biya, ka ce to Hajiya, ranar sallama mai gida yace ai duk ciki ne. Cikin me? Yaran da suka kwaɓa siminti kwana uku a kicin ɗin nan kullum da yamma sai an sallame su, lebura baya jiran ƙarshen aiki, daga aljihun ustan, wato shugaban aikin, ya fita. Laifinsa ɗaya da bai kira ka a ranar ya faɗa maka kuɗin ba, wannan kam ya yi sakaci.

Banɗaki ba zan kare shi ba. Ruwa ya koma bakin ƙofa aikin banza ne, ana ba ƙasan gangara wajen santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana, kuma ana gwadawa da ruwa kafin a tashi. Ya fasa ya sake da kuɗin hannunsa, ba a biyan wannan sau biyu.

Na falon da ke ƙara kuma sai an duba. Wani lokaci laifinmu ne, yaro ya ɗora siminti dunƙule-dunƙule a kusurwa huɗu da tsakiya maimakon ya shimfiɗe ko'ina, sai ƙasan ya zama rami. Wani lokaci kuma tsohon daɓe ne mai santsi ba a sassare shi ba. Amma in tambaye ka, irin tayil ɗin nan mai ƙyalli da baya shan ruwa ne? In shi ne gam yake so, an ce ka sayi gam ka saya ko ka ce a yi da siminti kawai don tsada? Sannan mutanen gida suna ciki ake aikin ko sun tashi? Don in aka taka tayil kafin ya kwana ya kama to sai ya saki, kuma na sha ganin an sa da rana da daddare yara sun bi ta kai sun je kallo.

Abu Hanif:

Usta gaskiya ban auna ba. Gam kuma ya faɗa, buhu 30 yace, na sayi 12 nace a cika da siminti don lokacin kuɗi sun yi ƙasa. Hajiya kuma tana cikin gidan ba ta tashi ba, da jikoki.

Usta Mai Gwangwani:

To ka gani. Ba na ce duk 17 ɗin naka ba ne amma ba duka nasa ba ne.

Maman Ilham:

Hmm Abu Hanif ka tuno min da namu na 2024, lokacin da siminti ya tashi ya haura dubu 10 buhu, mun ba wani magini kwangilar katanga da filasta har da kaya a hannunsa, muka ba shi kashi 70 tun farko don yace zai sayi kaya gaba ɗaya kafin su ƙara tashi, ashe wani aikin ya je ya toshe da kuɗinmu, da ya dawo kanmu kaya sun ninka yace sai an ƙara, wata huɗu katanga na tsaye rabi awaki na shigo mana. Ƙarshe shugaban ƙungiyarsu ta magina ne ya zaunar da mu aka raba asarar, ba don mun ji daɗi ba.

Tun daga nan maigidana ya canza tsari. Kaya mu muke saya da kanmu. Kuɗin aiki kuma ɗaki-ɗaki, a gama wannan a duba a biya a shiga na gaba, kuɗi baya taɓa wuce aiki. Kuma yana riƙe kashi 5 ko 10 sai bayan wata ɗaya ko sai an yi ruwan sama in rufi ne, yana faɗa tun ranar ciniki ba sai an gama ba, ai manyan kwangiloli ma haka ake yi ana riƙe wani kaso har wata shida saboda gyara. Rubutun ma ba wani abu ba ne, a littafin makaranta na 'ya'yana yake yi, kowa ya sa hannu ya ɗauka a waya ya tura wa mai aikin. Duk abin da na ce a ƙara kuma (don ni ce mai ƙare-ƙaren, na yarda) sai an faɗi kuɗinsa a muryar WhatsApp kafin a taɓa.

Kai yanzu da sauƙi tunda dubu 200 na hannunka, mu lokacin babu ko sisi a hannunmu sai roƙo. Kar dai ka sake su gaba ɗaya, kar kuma ka riƙe gaba ɗaya. Kuma ka nemi abokin nan naka da ya haɗa ku, shi ya kamata ya shiga tsakani tun farko, ina yake?

Dan_Fagge:

Abokin da ya haɗa ai irinsu da an fara rigima wayarsu ke lalacewa 😂 Alhaji ka canza kwaɗon sito dai tukuna.

Malam Abu Ammar:

Allah ya daidaita. Ɗan ƙarin bayani ta fuskar shari'a tunda ka ce kana tsoron haƙƙi, kuma tsoron nan alheri ne.

Abin da kuka ƙulla ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a biya shi, a kan aiki sananne da lada sananne. Aikin da aka ƙara daga baya ba a ambaci ladansa ba, shi kuma mutum ne da aka san da sana'ar yake ci ba kyauta yake yi ba, malamai suna cewa a ba shi ladan misali, wato abin da masu sana'ar suka saba karɓa a irin wannan aikin a garin, ba abin da shi ya yanka ba kuma ba abin da kai ka ga dama ba. Don haka dubu 120 ɗin nan ba dole ta zama 120 ba, amma ba za ta zama babu ba. A samu mutum biyu masu sana'ar da ba ruwansu su kimanta.

Ta ɗaya ɓangaren, a mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamunce abin da ya ɓata a hannunsa, tayil ɗin da za a fasa a banɗaki saboda kuskurensa a kansa yake. Hadisin da ake yawan kawowa na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe gaskiya ne, amma lada na aikin da aka cika ne, jinkirta kuɗin banɗaki har a gyara ba zalunci ba ne. Riƙe kuɗin ɗakunan da ba su da matsala don a matsa masa, wannan ne abin tsoro.

Batun katan ɗin da kake zargi, hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kai ne mai da'awa kuma ka ce ba ka auna ba, to in lissafi ya wanke shi ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda ka faɗa a gabansu. Shi ma a faɗa masa zuwa soro yana ɗaga wa tsohuwa murya ba daidai ba ne, ba da ita ya yi ciniki ba.

Kunyar rubutu da ka ce ka ji, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har tace kar a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Nan gaba sai ka ce wa dattijon umarnin Allah za mu bi, ba wanda zai ji haushi.

Barista_Zg:

Allah gafarta Malam abin da ka faɗa na ladan misali a kotun majistare ma kusan haka alƙali zai yi, zai kimanta aikin da aka yi a biya gwargwadonsa. Abu Hanif in kun zauna duk abin da aka cimma a rubuta, da ranar da zai gama gyara, shaidu biyu su sa hannu, kuɗin kuma ta banki kar ka ba da hannu.

Abu Hanif:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ga yadda aka yi. Ranar Talata bayan la'asar muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ni da shi da abokina (Dan_Fagge ka ji, wayar abokin nawa ta gyaru da na ce zan je gidansu 😂) da wani usta da mai unguwa ya kira wanda bai san ɗayanmu ba. Aka shiga gida da tef. Da kicin da dakali da zagayen gindin bango murabba'in mita 171 aka samu, da aka ƙara kashi 10 ya kama katan 131, mai tayil ɗin ya buɗe sito ga katan 3 a jingine ba a ko buɗe ba da ragowar yankakku a buhu. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, a nan gaban yaransa na ba shi haƙuri, yace ya wuce, shi ma ya shiga ya durƙusa ya ba Hajiya haƙuri.

Ustan ya bi falo da makulli yana ƙwanƙwasawa yana sa alama da alli, 21 ya samu ba 17 ba. Aka ɗaga guda biyu a gani, ɗaya siminti ne dunƙule biyar kamar yadda Usta Mai Gwangwani ya faɗa, ɗayan kuma a shimfiɗe yake amma bai kama bayan tayil ɗin ba sam, kuma yana kan hanyar da ake bi zuwa ɗakin Hajiya. Aka yanke ni zan sayi gam buhu 5, shi mai tayil ɗin zai ɗaga ya sake ba lada. Banɗaki ya amsa laifinsa ne yace ranar yaronsa ya bar wa ya tafi jana'iza, zai fasa ya sake, tayil ɗin da za a ƙaro katan 4 a cire a kuɗinsa. Kicin da dakali ustan ya kimanta dubu 85, mai tayil ɗin ya so ya yi gardama mai unguwa yace ai kai ka ƙi faɗa tun farko.

Na tura masa dubu 150 a wurin, saura in ya gama an zuba ruwa a banɗaki a gabana, an rubuta kowa ya sa hannu. Jiya ya fara fasawa, Hajiya mun kai ta gidan yayata da jikokin har sai ranar Lahadi. Yanzu mai fenti ne ke jira, na ce masa ya zo gobe da biro. Wanda ya san nawa ake yin ɗaki ɗaya yanzu a Kano, shafa biyu, ni zan sayi fentin, don Allah ya faɗa min kafin ya iso.